'Yan Mata da Filin Wasa a Zariya: Ina Mafita?

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya san Zariya ya san gari ne na karatu tun kafin zuwan Turawa, kuma boko da ya zo bai rage mata wannan daraja ba. A nan Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, ga Kwalejin Barewa da Alhudahuda, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Inda matasa suka taru haka kuwa, ba a rasa wasanni. Abin da ya zama sabo shi ne yadda 'yan mata suke ƙara shiga ƙungiyoyin ƙwallon kwando da ƙwallon raga da ƙwallon hannu, har ma da ƙwallon ƙafa, kuma a cikinsu akwai 'ya'yan Musulmi, 'ya'yanmu da ƙannenmu. Saboda haka ya zama wajibi mu yi magana da ilimi, tun kafin al'amarin ya fi ƙarfin magana.

Wannan bunƙasa ba daga sama ta faɗo ba. Na farko, mata sun yawaita a manyan makarantu, kuma jami'o'in Nijeriya suna da gasar wasanninsu ta NUGA tun 1966, wadda mata ke da rabonsu a cikinta. Na biyu, Samaru tana da tsohon tarihi a ƙwallon kwando. A nan mai horarwa Ba'amurke Oliver Johnson ya daɗe yana koyar da yara, kuma a Zariya Masai Ujiri ya tashi, wanda yake shugabantar ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Na uku, kuma shi ne mafi ƙarfi, nasarorin ƙungiyoyin mata na ƙasa. D'Tigress ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, Super Falcons kuma ta ɗauki kofin Afirka karo na 10 a Maroko a 2025, har gwamnatin tarayya ta yi wa kowace 'yar wasa alkawarin kuɗi kwatankwacin dala 100,000 da gida da lambar girma. Yarinyar da ta ga wannan a wayarta, ga talauci a gida, ga digiri ba aikin yi, ba za a hana zuciyarta lissafi da tsawa kawai ba.

Mutanenmu sun kasu biyu a kan wannan lamari. Wasu sun ce haramun ne ɗungurungum, mace ba ta da abin yi da guje-guje. Wasu kuma sun ce ci-gaba ne, a sakar wa yara mara su yi yadda ake yi a ko'ina. Mu a wurinmu duka ɓangarorin biyu sun kauce, domin na farko ya haramta abin da Allah bai haramta ba, na biyu kuma ya halatta abin da ya ci karo da nassi.

Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce, al'amuran rayuwa waɗanda ba ibada ba asalinsu halas ne har sai dalilin hani ya zo. To ina dalilin da ya hana mace motsa jiki? Abu Dawud da Imamu Ahmad sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Uwar Muminai A'isha (RA) har sau biyu, ta tsere masa a karon farko, shi kuma ya tsere mata a na biyu. Bukhari ya ruwaito yadda A'isha da Ummu Sulaim suka riƙa ɗaukar salkunan ruwa a bayansu ranar Uhudu suna shayar da mayaƙa, kuma tarihi bai manta da tsayuwar Nusaiba 'yar Ka'abu a wannan rana ba. Waɗannan ba raunanan mata ba ne. Jiki amana ne, kuma duk wanda ya leƙa asibitocinmu ya ga yadda hawan jini da ciwon suga suke cin iyayenmu mata, ya san cewa zama wuri ɗaya ba shi ne taƙawa ba.

Amma halaccin asali ba ya wanke abin da aka lulluɓe shi da shi. Matsalar ba ƙwallon ba ce, matsalar ita ce sigar da aka kawo mana ita. Tufafin da ke bayyana al'aura a gaban taron maza, alhali umurnin Suratun Nur da Suratul Ahzab a fili yake. Cakuɗuwar maza da mata a fili da cikin mota. Keɓancewar mai horarwa namiji da yarinya, wanda a hannunsa zaɓenta ko barinta yake. Tafiya gasa kwana da kwanaki ba muharrami, ba wata babbar mace mai kula. Wasan yamma da ke cinye La'asar ya haɗa da Magariba. Ga kuma cacar ƙwallo da ta zama annoba a tsakanin matasa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ɓarna ce mai zaman kanta, kuma kowane ɗaya ana iya raba shi da wasan idan an so.

Masu cewa dokar wasa ce ta tilasta tsiraici, hujjarsu ta riga ta faɗi. Gaskiya ne a 2011 an hana ƙungiyar matan Iran buga wasa da Jodan saboda lulluɓin kai, kuma a 2014 matan Katar sun janye daga ƙwallon kwando a wasannin Asiya saboda wannan dalili. Amma da Musulmi suka dage, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince da rufe kai a 2014, ta ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017, har Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar kofin duniya ta 2023 da kanta a rufe. A gida kuma, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata haƙƙin sanya hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas a 2022. Ba muna cewa ɗan ƙyallen da ake ɗaurawa a ka ya cika sharuɗɗan hijabin shari'a ba ne. Darasin shi ne, dokokin nan mutane ne suka yi su, kuma suna sauyawa idan aka sami masu tsayawa a kan aƙidarsu. Wanda ya yi shiru, shi ake yi wa doka.

Don haka muna kira ga hukumomin makarantun Zariya da su keɓe wa mata rufaffen wurin wasa, ko su ware musu ranaku da sa'o'in da namiji ba zai shiga ba. Su bai wa kowace ɗaliba damar sanya dogon wando mai yalwa da riga mai dogon hannu da abin rufe kai. Su tsara lokutan horo yadda ba za su ci sallah ba. Kuma kada ƙungiyar mata ta yi tafiya sai da malama mai kula da ita. Muna kira ga 'yan'uwa mata da ke karanta ilimin motsa jiki da kiwon lafiya da su ɗauki horar da mata a matsayin hidima ga addini, domin muddin babu mata masu horarwa, maganar raba maza da mata za ta tsaya a fatar baki. Ƙungiyoyi irin su MSSN da FOMWAN suna da murya da mutanen da za su iya kai wannan buƙata gaban hukuma cikin hikima.

Mu ma kanmu akwai aiki a gabanmu. Muna da makarantun Islamiyya masu katanga da fili, waɗanda suke zama a kulle kwana biyu a mako. Me zai hana a buɗe su ga mata zalla, ƙarƙashin kulawar malamansu mata? Mawadatanmu da suke gina masallaci kusa da masallaci, su tuna cewa kare mutuncin 'ya mace shi ma sadaka ce mai gudana. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da suka bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru, mata suna karantar da mata. Wannan ita ce hanyar magabatanmu: idan buƙata ta taso, a samar mata da tsarkakakkiyar hanya.

Ga iyaye kuma, kada wannan ya zama dalilin cire yarinya daga makaranta, domin al'umma tana buƙatar likitoci da malamai mata. Ku san inda 'yarku take wasa, da wanda yake horar da ita, da abin da take sawa. Ke kuma 'yar'uwa, ki sani karatu ya kawo ki, shekarun wasa kaɗan ne, rauni guda a gwiwa yana iya kawo ƙarshensu, amma ilimi da mutunci suna tare da ke har kabari. Idan aka ce sai kin tuɓe sannan ki buga, to ki bar musu ƙwallonsu, wanda ya bar abu don Allah ba ya taɓewa.

Idan muka tsaya a kan hani kawai, yaran za su tafi ba tare da mu ba. Idan muka yi shiru, za su tafi ba tare da addini ba. Allah Ya shiryi zuriyarmu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta.