Baƙo A Legas: Kunyar Tambaya Ta Fi Kwandasta Cin Kuɗi

A wannan makon alƙalami ya faɗo hannuna, kuma zan yi magana ne a kan abin da ya taɓa yi wa aljihuna illa.

Bayan na kammala difloma, an kira ni ganawar neman aiki a wani ofis da ke Marina a Legas. Na sauka wurin wani yayana mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Da safe na fito bakin titi, na tarar da motoci masu launin rawaya ko'ina, kwandastoci na ta kwala kiran sunayen da ban taɓa ji ba. Gabana ya faɗi. Kunya ta hana ni tambaya, wai kada a gane ni baƙo ne, sai na tari tasi. Zuwa da dawowa, kuɗin abincina na kwana huɗu suka tafi. Da daddare na ba yayana labari, ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce, "Haba ƙanena, ai BRT a nan kusa da kasuwa take ɗaukar mutane, ta sauke ka CMS, ka ƙarasa Marina da ƙafa."

Tun ranar nake da ra'ayin cewa baƙon da ya shiga babban birni, matuƙar ba shi da kuɗin zubarwa, abu na farko da ya kamata ya koya shi ne hawa bas. Yawancinmu ba rashin wayo ke hana mu ba, sabo ne. Mu da muka taso a Kano, musamman bayan hana acaɓa a 2013, adaidaita sahu muka sani. Ka tsayar da shi duk inda kake, ka faɗa masa inda za ka. A Legas kuwa kwandasta ne ke faɗin inda motarsa za ta, kai kuma aikinka ka san sunan tashar da za ka sauka da wadda za ka canja mota. Wanda ya riƙe sunayen Oshodi, Ojota, Obalende da CMS, ya san wace ke kai shi ina, rabin wahalarsa ta ƙare.

Bas iri biyu baƙo zai fi cin karo da su. Akwai BRT da aka fara a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, daga baya aka tsawaita ta zuwa Ikorodu. Tana da layinta na musamman a kan titi, don haka sau da yawa tana wucewa alhali sauran motoci na tsaye cikin cunkoso. Da katin Cowry ake biya: ka saye shi a tasha, ka zuba masa kuɗi, ka dangwala shi a na'ura. Babu ciniki, babu rigimar canji. Aibinta dogon layi da safe da yamma.

Sai danfo, mai launin rawaya da baƙin zane, wadda ke shiga inda BRT ba ta zuwa. Ita da tsabar kuɗi ake biya, kuma farashinta na hawa idan an tashi daga aiki ko ruwan sama ya sauko. Ka tambayi kuɗin kafin ka shiga, ka riƙe ƙananan kuɗi, domin idan babu canji kwandasta na iya haɗa ka da wani fasinja a kan takarda ɗaya, ku je ku raba. Idan an kira tasharka, ka ɗaga murya ka ce "o wa". In ka yi shiru irin namu na kawaici, sai dai ka ga an wuce da kai.

Na san wani zai ce, to ina batun 'yan "wan cans", masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a hanya? Gaskiya ne, akwai su, kuma ba abin wasa ba ne. Amma sun fi samun wanda ya tsaya shi kaɗai a gefen titi yana gaggawa, musamman da asuba ko da dare. Maganinsu shi ne ka hau mota a tasha inda ake lodi, ka adana wayarka, ka sanar da wani inda ka dosa. Idan dare ya yi, ko kana ɗauke da kaya masu daraja, ko 'yar uwa ce ita kaɗai a unguwar da ba ta sani ba, to a nan kuɗin tasi ba asara ba ne. Abin da nake suka shi ne tsoron da ke sa mutum ya ƙarar da guzurinsa da rana tsaka a kan hanyar da dubban mutane ke bi lafiya.

Washegari na bi shawarar yayana. Na zauna kusa da taga ina karanta sunaye: Ketu, Ojota, Maryland, Fadeyi, har muka haye gada zuwa tsibiri. A tafiya ɗaya na fahimci shimfiɗar garin fiye da yadda tasi ta nuna mini, domin a tasi direba ne ya san hanya, ni kaya ne kawai.

Kirana ga 'yan uwanmu mazauna Agege, Idi-Araba da Mile 12 shi ne, idan baƙo ya sauka wurinku, bayan abinci da shimfiɗa ku rubuta masa sunayen tashoshinsa a takarda. Shi kuma baƙo ya ajiye girman kai, ya tambayi mai shayi ko ma'aikacin tasha. Matambayi ba ya ɓata. Aikin dai ban samu ba, amma na dawo gida da sauran kuɗin mota a aljihuna.

Allah Ya tsare mu a duk inda muka sa ƙafa.