AMSA GA MASU CEWA KARATUN JAMI'A ASARA NE

Ya ku 'yan'uwa na rassan Mirya, Magarya, Matamai, Tanut da Gure, da ku na Birni da Zango, akwai wata magana da ta cika rumfunan Kasuwar Dole da fadojin samari, har ta fara shiga zaurukan dattawa. Ana cewa wai karatun jami'a ɓata shekaru ne. Ana nuna yatsa ana cewa: ga wane da lisansinsa yana kabu-kabu, ga kuma Alhaji wane da bai taɓa zama gaban mushe ba ya gina bene. Saboda wannan magana iyaye suna fid da 'ya'yansu daga lakwal suna miƙa su ga tireda. Mu kuwa mun ce wannan lissafi na ƙarya ne, kuma talaka ne zai biya kuɗinsa.

Da farko mu ba mai gaskiya gaskiyarsa. Hanyar tana da tsawo. Shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise kafin a ci bak, sa'an nan 3 kafin lisansi: shekara 16 ke nan, in ba a maimaita aji ba, in kuma yajin aiki bai cinye shekara ba. Bayan haka ga bautar ƙasa ta shekara 2. Da yawa in sun gama sai koyarwa ta kwantaragi, kuɗi kaɗan, kuma ba kullum suke zuwa a kan lokaci ba. Uban da ya sayar da gero da akuya don wannan yana da ikon ya tambayi ina riba. Amma kafin ya yanke hukunci, ya san mafarin ciwon.

Turawan Faransa sun ci Damagaram a 1899, suka zauna nan har 1926 da suka ɗauke babban birni suka kai Yamai. Ba su buɗe makaranta don kowa ya waye ba. Akawu suke so, da tafinta, da malamin da zai koyar da wasu akawunan. 'Yan kaɗan da suka yi fice su ake turawa makarantar William Ponty a Sanagal, inda Bubu Hama da Diori Hamani da Jibo Bakari suka yi karatu. Tun da masu takarda ba su da yawa, duk mai takarda yana da kujera. Nan jama'a suka koyi cewa takarda ita ce albashi. Da aka samu mulkin kai a 1960 babu jami'a ko ɗaya a ƙasar nan, sai a tafi Dakar ko Abijan ko Faransa. Ta Yamai ba ta tsaya da ƙafarta ba sai 1973. A shekarun da yuraniyom ke da tsada, gwamnati na ɗaukar kusan duk wanda ya gama.

Daga nan farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya yi katutu, masu ba da rance na duniya suka ce a tsuke bakin aljihu, a rage ɗaukar ma'aikata. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito a Yamai suna ƙin wannan tsari, aka harbe 3 a gadar Kennedy. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ma'aikata suka yi watanni ba albashi. To, wa ya rufe ƙofar? Littafi ne ya rufe ta? Hausawa suka ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Wanda ya ga mai lisansi a kan babur ya zagi makaranta, fushin zomo ya yi.

Yanzu mu koma ga Alhajin da ake kafa mana hujja da shi. Muna ganin girmansa, Allah ya ƙara buɗi. Amma ku je Kasuwar Dole ranar Alhamis ku ƙidaya da kanku. Bayan kowane attajiri guda da bai yi boko ba, nawa ne 'yan dako, nawa ne masu tura baro, nawa ne 'yan ga-ruwa, waɗanda su ma ba su yi ba? Nawa ne suka tafi cin rani Kano ko Libiya suka dawo hannu wofi, nawa ne ba su dawo ba? Mai wannan magana yana ɗauko wanda ya fi kowa sa'a cikin marasa karatu, ya jera shi da wanda ya fi kowa rashin sa'a cikin masu karatu, ya ce ga awo. Ko a kasuwar hatsi, mai awo da tiya biyu sunansa macuci.

Kuma ku lura da abin da Alhajin yake yi, ku bar abin da ake faɗa da sunansa. Wa ke riƙe masa littafin kuɗi? Wa ke cika masa takardun duwan in kaya sun taso daga Kano ko Kwatano? In ciwo ya kama shi, hannun wa yake nema a babban asibitin Damagaram? Shi da kansa, ina ya kai 'ya'yansa? Masu hali suna biyan makarantar kuɗi, suna tura nasu ƙasashen waje, ɗan talaka kuwa ana ce masa karatu ba ya ciyar da kowa. In wannan shawara ta bi gari, nan da shekara 20 'ya'yan masu hali ne likitoci da alƙalai da injiniyoyi, namu kuwa masu gadin ƙofarsu.

Ga misali a bakin ƙofarmu. A Nuwamba 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a hanyar Tanut, mai iya tace ganga 20,000 a rana. Man na ƙasarmu ne, filin namu ne. Amma da aka tashi kunna injuna, manyan masu sanin aikin daga ƙasar Sin aka kawo su. Dukiya ta zo har gida, ta tambayi mai ilmi. Garin da ya daɗe yana kukan ƙishirwa kamar namu yana bukatar masu sanin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Makiyayi yana bukatar likitan dabbobi, mai naƙuda a ƙauye tana bukatar ungozoma mai horo. Waɗannan ayyuka ba za su ƙare ba, kuma in ba mu koya ba, baƙo za a biya.

Damagaram ba baƙuwa ba ce ga wannan. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, bai tsaya ga sayen makamai daga fatake ba. Ya tara maƙera suka zuba igwa a cikin birnin nan, ya ajiye malamai masu rubuta masa wasiƙu. Ya san ƙasar da ba ta da gwanaye tana cin abinci ne a hannun wani. Tarihinsa kuma wani ɗan garin nan mai babban digiri ne ya bincika ya rubuta, wato André Salifou, wanda jami'ar Damagaram da aka kafa a 2010 take ɗauke da sunansa. Yau ɗan Mirya yana iya karatun likita ba tare da ya ƙetare ƙasa ba.

Saboda haka ga abin da muke so kowane reshe ya riƙe.

NA ƊAYA. Kada a fid da yaro mai ƙoƙari daga lakwal don labarin wani mai kabu-kabu. Da namiji da mace duk ɗaya ne a nan.

NA BIYU. A daina tura yaro jami'a da niyyar jiran kujerar gwamnati. Wancan zamani ya wuce. A zauna da shi a tambaya: wannan fanni, wa zai biya ka dominsa a Damagaram? Kuma ya riƙe sana'ar gidansu a lokacin hutu, ko jima ce, ko dukanci, ko fatauci, domin mai sana'a da ilmi ya fi mai ɗaya.

NA UKU. Rassa su yi adashi don 'ya'yan marasa ƙarfi da suka ci bak. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

NA HUƊU. A tambayi duk mai neman goyon bayanmu: ina ayyukan da za ka buɗe wa waɗanda suka gama, yaushe za a biya malamai a kan lokaci?

A karanta wannan takarda da ƙarfi ranar kasuwa don wanda bai iya karatu ba ya ji. Wanda ya gama ya miƙa wa na kusa da shi.