Sharhi: Ina imel da lambar wayar da muke bayarwa a shafukan rajista suke tafiya?

Da wuya mako ya wuce ba a turo wani sabon adireshin intanet a zaurukan WhatsApp ba, ɗauke da alƙawarin tallafin gwamnati, ko gurbin karatu a ƙasar waje, ko ɗaukar ma'aikata, ko kyautar data. Sharaɗin kusan ɗaya ne a kullum: sai ka yi rajista. Za a nemi suna, da imel, da lambar waya, da jiha da ƙaramar hukuma, wani lokaci har da lambobin NIN da BVN.

Mutane da dama suna cikewa ba tare da wani tunani ba. Hujjarsu ita ce ai ba kuɗi aka ce su biya ba, in an samu falillahil hamdu, in ba a samu ba babu asara. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya kashe kuɗi ya buɗe shafi yana da abin da yake nema, kuma sau da yawa abin da yake nema shi ne bayanan da aka cike masa.

Yadda aka saba da rajista

Ba laifin jama'a ba ne kacokan. A shekarun nan hukumomin gwamnati da kansu sun mayar da harkokinsu intanet. Ɗalibin da zai zana jarrabawar JAMB sai da NIN da imel. Masu neman shiga shirin N-Power ta intanet suka nema. Asusun ba ɗalibai lamuni na NELFUND, wanda ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, shi ma ta nan ake bi. Haka ɗaukar sojoji da 'yan sanda da jami'an kwastam.

Wannan ya sa matashi ya saba da cewa duk wani abin alheri ta hanyar cike fom yake zuwa. 'Yan damfara kuma suka samu kafa. Suna kwaikwayon tambarin hukuma, su manna hoton shugaban ƙasa ko na wani attajiri, su rubuta cewa gobe za a rufe. Ga rashin aikin yi, ga tsadar rayuwa, ga fargabar kada a raba babu kai. Mutum ba ya tsayawa tambayar wa ya buɗe shafin.

Kasuwar bayanan mutane

Shekarar 2024 ta nuna cewa bayanan 'yan Najeriya haja ce mai farashi. A watan Maris na shekarar, kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ ta fallasa wani shafi mai suna XpressVerify da ke ba duk wanda ya biya damar ganin bayanan masu NIN. A watan Yuni kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce ta gano wani shafin, AnyVerify, yana sayar da irin waɗannan bayanai a kan kuɗin da bai wuce Naira 100 ba. Hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta, amma ta gargaɗi jama'a su daina miƙa bayanansu ga shafukan da ba ta amince da su ba.

A watan Yulin 2025 hukumar EFCC ta yi nata gargaɗin, inda ta ce akwai matasa da ke yawo suna sayen takardar NIN da lambar BVN da hoton mutane a kan Naira 1,500 zuwa 2,000, sannan a buɗe asusun da ake wuce da kuɗin damfara da su. Ranar da asiri ya tonu, sunan mai bayanan ne a jikin asusun, shi za a fara nema.

Imel da lambar waya ba su kai NIN da BVN haɗari ba, amma su ne ƙofar shiga. Shafin bogi yana tara dubban adireshi, ya sayar wa masu talla, ko ya riƙe don kansa. Daga nan saƙonni su fara kwarara: tallan caca, rancen gaggawa, jarin da zai ninka cikin wata guda. A cikinsu ne ake cusa mai guba, wanda ya zo da sunan bankinka yana cewa an rufe asusunka, ka latsa nan ka gyara. Tunda mai saƙon ya san cikakken sunanka da jiharka, sai maganarsa ta yi kama da gaskiya.

Imel ne mabuɗin sauran ƙofofi

Da yawan masu wayar Android a Arewa ba su ɗauki imel da muhimmanci ba. Wasu ma ba su san kalmar sirrinsu ba, domin mai shagon waya ko mai kafe ne ya buɗe musu ranar da suka sayi wayar ko suka je rajistar jarrabawa. Alhali a cikin wannan asusun ne lambobin mutanen da ke wayarka suke, da hotuna, kuma can ake tura saƙon sauya kalmar sirri ta Facebook da Instagram da sauran manhajoji. Wanda ya riƙe imel ɗinka ya riƙe kusan komai.

Babbar matsalar ita ce amfani da kalmar sirri ɗaya a ko'ina. Idan sabon shafi ya ce ka ƙirƙiri kalmar sirri, ka sa wadda kake shiga Gmail da ita, to ka miƙa wa mai shafin adireshin gidanka haɗe da mabuɗi. Ko da shi mutumin kirki ne, ana iya yi masa kutse. Kamfanin Yahoo da girmansa ya amsa cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi dukkan asusunsa biliyan 3. Idan haka ta faru da Yahoo, ina ga shafin da aka buɗe watan jiya?

Doka tana nan, amma hannunta bai kai ko'ina ba

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba ɗan ƙasa 'yancin sanin abin da za a yi da bayanansa, da janye amincewarsa, da neman a goge su, da ƙin karɓar saƙonnin talla. Ta kuma wajabta wa kamfanin da aka yi wa kutse mai haɗari ga mutane ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72.

An kuma ga hukunci. Tun a 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin ba da rance na Soko Lending tarar Naira miliyan 10 saboda tura saƙonni ga mutanen da ke cikin wayar masu cin bashi. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci kamfanin Meta tarar Dala miliyan 220, sannan a Yulin 2025 NDPC ta ci MultiChoice tarar sama da Naira miliyan 766.

Amma duk waɗannan kamfanoni ne masu ofis da lauyoyi da sunan da suke tsoron ya ɓaci. Shafin tallafin bogi ba shi da ko ɗaya. Yana iya rayuwa mako biyu, ya kwashi abin da zai kwasa, ya ɓace, ya dawo da wani suna. Kafin ƙorafi ya isa Abuja an riga an sayar da bayanan. A wannan fagen, tsaron farko yana hannun mai wayar.

Kafin ka cike fom

Abu na farko shi ne duba adireshin shafin da kyau. Shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya galibi suna ƙarewa da gov.ng, na rundunonin soja da mil.ng, na manyan makarantu da edu.ng. Shafin da ya ce na ma'aikatar tarayya ne amma ya ƙare da blogspot.com ko xyz, a yi hattara da shi. Maimakon latsa abin da aka turo, gara mutum ya nemi shafin hukumar da kansa ya ga ko sanarwar tana can.

Alamar kwaɗo da ke gefen adireshi ba shaidar gaskiya ba ce. Tana nufin ba mai leƙen abin da ke wucewa tsakaninka da shafin, ba ta ce mai shafin amintacce ne ba, kuma kyauta ake samunta. Saboda wannan ruɗanin ne ma Google ya cire ta daga Chrome a 2023.

Ana iya sanin shekarun shafi ta binciken WHOIS, wanda ke nuna ranar da aka yi wa adireshin rajista. Kamfanin da ke iƙirarin shekara goma yana aiki amma shafinsa bai kai wata biyu ba, akwai lauje cikin naɗi. Sunan kamfani kuma ana iya duba shi a shafin hukumar CAC, ko da yake rajistar CAC kaɗai ba lasisin karɓar jarin mutane ba ce.

Sai tambaya mafi sauƙi: me ya haɗa abin da ake nema da abin da za a ba ni? Shafin karanta labarai ba ya buƙatar BVN. Babu hukumar da za ta ce sai ka tura wa zaure goma kafin a ba ka tallafi. Lambar sirrin katin ATM da lambar OTP kuwa, ko bankinka ba ya tambaya.

Raba ƙafa

Hanya mafi sauƙi ta kare imel ita ce mallakar guda biyu. Ɗaya na banki da makaranta da wurin aiki, wanda ba a bayar da shi barkatai. Ɗaya kuma na gwaji, wanda ake ba duk sabon shafin da ba a gama yarda da shi ba. Idan na biyun ya cika da shara, ba a yi asarar komai ba.

Masu Gmail suna da wata dabara. Idan ka ƙara alamar + da wata kalma bayan sunanka, misali sunanka+tallafi@gmail.com, saƙon zai iso akwatinka kamar kullum, amma za ka gane shafin da ya fitar da adireshinka. Akwai kuma Firefox Relay da DuckDuckGo da tsarin ɓoye imel na Apple, waɗanda ke ba mutum adireshin aro da zai iya kashewa duk ranar da ya ga dama. Imel na wucin gadi mai mutuwa bayan mintuna bai dace da rajistar jarrabawa ko neman aiki ba, domin ranar da aka turo sakamako babu inda za a same shi.

Idan saƙonnin sun riga sun fara zuwa, a bambanta. Na kamfanin da ka sani, yi amfani da maɓallin daina karɓa. Tun 2024 Google da Yahoo suka wajabta wa masu tura saƙonni da yawa su samar da shi. Wanda ba ka san mai shi ba, kada ka amsa, kada ka latsa komai a cikinsa, domin hakan na tabbatar masa da cewa adireshin yana aiki. Ka sa masa alamar spam kawai. Ga saƙonnin talla na kamfanonin layin waya, hukumar NCC ta tanadi lambar 2442, inda ake tura kalmar STOP.

Wanda mai kafe ya buɗe wa imel, ya sauya kalmar sirri yau, ya tabbatar lambar wayarsa ce a jikin asusun ba ta wani ba, ya kuma kunna tsaro mai mataki biyu. Shafin Have I Been Pwned, wanda masanin tsaro Troy Hunt ya kafa a 2013, yana nuna wa mutum kyauta ko adireshinsa na cikin waɗanda aka sace a kutsen da aka sani.

Nauyin da ya rage yana kan hukumomi. Muddin gargaɗin NDPC da NITDA da NIMC ya tsaya a Turanci a shafukan X, ba zai isa ga mai shayi a Gusau ko ɗalibar sakandare a Azare ba, kuma su ne ake turo wa fom ɗin. Ana buƙatar a ji shi da Hausa a gidajen rediyo, a kuma sa ido kan masu kafe da ke riƙe da kalmomin sirrin ɗaruruwan mutane a littafi guda. Kafin a kai can, duk wanda ya tura adireshin da bai tantance ba zuwa zauren 'yan uwa ya sani cewa da amincin sunansa ne wasu za su cike.