Ƙorafin Masu Koyon Sana'o'in Gini Zuwa Ga Mai Girma Ministan Ƙwadago

Mai Girma Ministan Ƙwadago da Samar da Ayyukan Yi,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Muna kawo kukanmu gabanka a madadin samarin da ke koyon birkila, kafinta, walda, ɗaurin rodi, aikin famfo, wayarin, fenti da shimfiɗa tayil a Kano da kewaye, tare da iyayen gidansu da ke koya musu. Mun daɗe muna haɗiye wannan magana. Ganin yaran suna watsewa ɗaya bayan ɗaya ne ya sa muka ga shirun ya isa haka.

Mai Girma Minista ya san yadda al'amura suka juya tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, daga baya ta wuce 1,000. A watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya zarce naira 10,000 a garuruwa da dama. Rodi da kwanon rufi da katako da tifar yashi duk suka bi sahu. Mai gida da ya kai gininsa linta sai ya ce a dakata, ya rufe sauran bulo da leda, ya koma neman abin da iyali za su ci. Ba mu ga laifinsa ba. Amma duk kangon da aka bari ciyawa na cinye shi, akwai yara biyar ko shida da a nan suke koyon aiki, a nan kuma suke samun na abincin rana.

Abu na farko da muke son a fahimta shi ne matsayin mai koyo. Ba shi da albashi. Abin da yake samu shi ne kuɗin abinci da na mota, sai ɗan na sabulu idan an tashi aiki. Idan aiki ya ja baya, maigida zai riƙe ƙwararru biyu da ba zai iya yi ba sai da su, ya ce wa yara su zauna a gida sai ya neme su. Galibi ba ya neman su, domin shi ma ba a neme shi ba. Ƙwararren birkila ko an daina manyan gine-gine zai samu gyaran katanga ko filasta ya rage zafi. Yaron da ya shekara biyu yana kwaɓa siminti da miƙa bulo, wanda yanzu ne aka fara ba shi cokali da igiya ya ja layi da kansa, ba wanda zai damƙa masa aiki. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada bai gama wanka ba.

Abin da ya fi ci mana rai ke nan, ranka ya daɗe. Shekarun da yaron ya yi sun tafi a banza, domin babu inda aka rubuta su. Idan ya je wurin wani maigidan, daga ɗaukar kwano zai sake farawa, kamar bai taɓa taka wurin gini ba. Alhali Dokar Ƙwadago ta ƙasa, daga sashe na 49 zuwa na 53, ta yi tanadi a kan koyon sana'a. Ta ce yarjejeniyar ta kasance a rubuce, jami'in ƙwadago ya sa mata hannu, kuma wa'adin kada ya wuce shekara biyar. A wurinmu yarjejeniyar ita ce uba ya kamo hannun ɗansa ya ce wa maigida, "Ga amana nan," a shafa fatiha. Ba mu raina wannan al'ada ba, ita ta yaye mafi yawanmu. Sai dai amanar baki tana tafiya ne muddin maigida na da aiki, ranar da aikin ya tsaya babu abin da yaro zai nuna.

Na biyu, maganar rauni. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sanya mai koyon sana'a cikin waɗanda ta kare. Duk da haka, yaron da ya faɗo daga kan dakin, ko injin yankan ƙarfe ya ci masa yatsa, karo-karo abokan aiki ke yi a kai shi wurin mai ɗori. A wannan matsin, da 'yan kwangila ke rage katakon tsani don tsimin kuɗi, haɗarin ƙaruwa ya yi.

Mun ji alkawura, mun kuma jira. A Fabrairun 2024 gwamnati ta zauna da manyan kamfanonin siminti, aka sanar cewa buhu zai tsaya tsakanin naira 7,000 da 8,000. Farashin ya ɗan sauko, ya sake hawa. A Yulin 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, muka yi murna tare da jama'a, ko da yake dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato kusan duk iyayen gidanmu. Mun ji an ƙaddamar da ginin gidaje 3,112 a Karsana da ke Abuja, da irinsu a jihohi, an ce za su samar wa matasa aiki. Mun ji shirin SUPA na ƙara wa masu sana'ar hannu ƙwarewa, na hukumar ITF, wadda aka kafa tun 1971 don horar da ma'aikata. Yawancin yaranmu a rediyo suke jin waɗannan abubuwa. Wanda ya wuni a kan tsani ba shi da sukunin cike fom a intanet.

Ana yawan cewa 'yan Togo da Kwatano sun karɓe aikin tayil da silin, wai namu ba su iya gamawa da kyau ba. To ina za su iya, tunda ana yanke musu koyo a tsakiya? Wanda ya kamata a yaye baɗi yana tuƙa adaidaita sahu ta wani. Wasu sun tafi ramukan haƙar zinariya, iyayensu na kwana da fargaba. Ranar da kasuwar gini ta farfaɗo, za a nemi hannu a rasa.

Saboda haka muke roƙon alfarma. A sa ofisoshin ƙwadago na jihohi su buɗe rajistar masu koyo, kyauta, da Hausa, ta hannun shugabannin sana'o'i na unguwanni, a riƙa rubuta ranar da yaro ya fara da matakin da ya kai. Da wannan rajista, idan maigidansa ya rasa aiki, sai a miƙa shi ga wani ya ɗora daga inda ya tsaya. A kuma sauƙaƙa kuɗin jarrabawar gwajin sana'a da ma'aikatarka ke shiryawa, a kawo ta kusa, wanda bai yi boko mai zurfi ba a gwada shi da aikin hannunsa.

Muna kuma roƙon ka yi magana da takwarorinka na ayyuka da na gidaje, a sharɗanta wa duk kamfanin da ya samu kwangilar gwamnati ya ɗauki adadi sananne na masu koyo daga yankin da ake aikin, ya riƙe su har a gama. Ɗan kwangilar da ya kammala aikinsa kuma a biya shi a kan kari, domin idan kuɗinsa ya maƙale, a kan yaro mai ɗaukar kwano abin ke ƙarewa.

A shirye muke mu turo wakilai, manya da yara, su zauna da duk jami'in da ka ga dama ka wakilta, a Kano ko a Abuja. Muna sauraron amsa.

Allah Ya ƙara wa Mai Girma Minista lafiya.

Mu ne naka,
Masu koyon sana'o'in gini da iyayen gidansu, Kano.