Fangali Biyu, Tambaya Ɗaya

Yawancinmu mun haddace matakan binciken kimiyya saboda jarrabawa: lura, tambaya, hasashe, gwaji, sakamako. Yau za mu fitar da su daga littafi mu kai su gonakin noman rani na Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke bi ta magudanai yana shayar da tumatir.

A shekarar 2016 wata annoba ta afka wa tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har aka riƙa kiranta "Ebolar tumatir". Manomi ya ga ganye ya yi fari-fari, kafin mako ya zagayo gona ta zama kamar an babbake ta. Tumatir ya yi tsadar da matan gida ba su manta da ita ba. Manoma da yawa suka yi ta fesa magani, kuɗi na tafiya, ciwo na nan.

Wanda ya tsinko ganye ɗaya ya ɗaga shi wajen hasken rana, shi ne ya fara kimiyya. Zai ga wata 'yar tsutsa a cikin ganyen, ba a kansa ba, tana cin tsakiya ta bar fatar sama da ta ƙasa. Lura ke nan. Tsutsar wani ɗan ƙwaro ce mai tashi da dare, sunansa Tuta absoluta. Asalinsa Kudancin Amurka, ya shiga Sifaniya a 2006, daga nan ya bazu zuwa Afirka. Sai tambaya ta biyo: me ya sa feshi bai kashe ta ba? Hasashe ɗaya shi ne ganyen ya zame mata bargo, maganin ba ya kai mata. Daga baya masana sun nuna cewa ƙwaron kan saba da wasu magungunan ma.

Inda muka fi tuntuɓe shi ne gwaji. A ce mun ji wani yana cewa ruwan ganyen darbejiya na korar tsutsar. Muka fesa wa duk gonar, ta yi kyau. To, darbejiyar ce ta yi aiki, ko sanyi ne ya rage ƙwarin a wannan makon? Ba mu da amsa, domin ba mu bar abin kwatantawa ba.

Shi ya sa muke son fangali biyu. Iri ɗaya, ranar dashe ɗaya, ban-ruwa ɗaya, taki ɗaya. Ɗaya a fesa masa ruwan darbejiya, ɗayan ruwa zalla. Abu guda tak ake canzawa. Idan muka ƙara wa na farkon taki don muna son ya yi nasara, mun ɓata aikin da hannunmu. Kowace Asabar mu zaɓi tushe 10 a kowane fangali, mu ƙirga ganyen da tsutsa ta ci, mu rubuta adadi da kwanan wata. "Ya fi kyau" ba sakamako ba ne. 14 da 31 su ne sakamako.

Zai yiwu bayan mako 4 mu tarar babu wani bambanci. Kada mu goge lissafin don kunya. Hasashenmu ne ya faɗi, kuma sanin haka zai iya hana Baba ɓata kwanaki a kan abin da bai yi masa aiki ba. Idan kuwa an ga bambanci, a maimaita a wata gonar kafin a yi shela. Haka ma'aikatan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke yi a tasharsu ta Kadawa, sai dai nasu fangulan sun fi namu yawa.

Ku nemi izini a gida kafin ku taɓa fangalin kowa, maganin ƙwari na kanti kuma ku bar wa manya. Wanda ba shi da gona, tsofaffin bokitai shida a bayan aji sun isa: uku a fesa, uku a bari.