Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Ilimi Na Jihar Kano



Daga Tarai ta ƙaramar hukumar Kibiya nake rubuto maka kan darasin tattalin arziki a sakandarenmu.

Yaron da ke haddace ma'anar hauhawar farashi da Turanci, ya manta kafin WAEC, shi ne ya ga mahaifinsa ya sayar da masara arha da kaka, ya dawo yana auno ta da tsada da damina. Ya ga kuɗin mashin zuwa Rano ya tashi bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023.

Don Allah a ba malamai dama su mayar da aji kasuwa: wasu dillalai, wasu masu saye, ga kwanon awo, ga tsakuwa a madadin kuɗi. A ɓoye rabin hatsin, yara su ga farashi ya haura da idonsu. Sannan su tsara waƙar abin da suka gani da Hausa, su maimaita ta lokacin bita. Da waƙa Nana Asma'u ta karantar da mata ta hannun 'yan taru.

Tunda an ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, muna roƙon a sa wannan salon koyarwa cikin horon malamai, a fara da shiyyar Rano.

Naka,
Wani uba daga Tarai