Fitilar duba fata ba likita ba ce

Duk mai kallon TikTok ya ga irin bidiyon: a kashe wutar ɗaki, a haska wa mace fitila mai shuɗin haske a fuska, sai tabo ya bayyana ko'ina, daga nan a miƙo mata kwalbar mai. Ƴaƴanmu mata a Agie, Gazawa da Gidan Rumji suna kallo, suna kuma yarda. Shi ya sa ya kamata iyaye da malamai su san gaskiyar wannan fitila.

Fitilar ba ƙarya ba ce. Wani masani ɗan Amurka, Robert Wood, ya ƙirƙiro ta a 1903, kuma likitocin fata na amfani da ita har yau. A ƙarƙashin haskenta kyasbi yakan yi ruwan ɗorawa, wani nau'in makero na kai ya yi kore. Amma ragowar sabulu, man shafawa da zaren tufafi su ma suna ƙyalli, ko a fata mai lafiya. Mai son sayar da kayansa ba zai rasa abin nuna wa yarinya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne man da ake miƙowa. Da yawa daga cikin mayukan bilicin suna ɗauke da hydroquinone ko clobetasol. Clobetasol yana kwantar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci, amma yana sirantar da fata, ya bar kyasbi da makero su yaɗu a ɓoye.

Haka kuma, makero da yawa ba ya ƙyalli ko kaɗan. Yaro na iya wucewa gaban fitila lafiya lau alhali cutar tana cin gashinsa. Makeron kai ba ya jin shafe-shafe kaɗai. Sai an sha magani irin griseofulvin na makonni. In an yi sakaci ya kumbura ya yi ruwa, gashin wurin na iya tafiya har abada.

Malam, kai ne kake ganin kawunan yara kowace safiya. In ka ga fari-fari mai zagaye, ka kira uban, ka tura su CSI. Iyaye kuma mu daina haɗa yara a aska ɗaya da mataji ɗaya, ko a Tibiri muke ko a Cadawa. Yarinyar da ta zo da kwalbar mai, a karanta abin da ke rubuce a jiki kafin ta shafa.